Inuwa Ƙafa Biyar

A Gumel idan ka ce Malam Ishaƙ sai an tambaye ka wanne, amma ka ce Ishaƙ Agogo, ko masu adaidaita sahu za su nuna maka gidan. Sunan daga mahaifinsa ya samo shi, wanda ya yi shekara arba'in yana gyaran agogo a wata 'yar rumfa a bakin kasuwa. A nan Ishaƙ ya yi wayo, agogo kusan talatin suna bugawa a kansa, kowanne an saita shi da na hannun tsohon, shi kuma na tsohon da rediyo ake saita shi kullum da safe. Yaron ya tashi da imanin cewa mutum yana ƙarya, mota tana makara, damina ma tana saɓa alkawari, amma agogon da aka gyara da kyau ba ya yi. Da wayar hannu ta shigo ta kashe sana'ar, tsohon bai daɗe ba ya bi bayanta. Abin da ya bar wa ɗansa shi ne agogon nan na hannu, irin wanda ake murɗawa, da kuma taurin kai.

Taurin kan ne ya zaunar da shi a Rugar Ardo Hamza, can cikin yashi tsakanin Sule Tankarkar da Maigatari. Yana da shekara talatin da biyar aka tura shi ya buɗe wa 'ya'yan makiyaya makaranta. Abokansa suka yi masa jaje kamar wanda aka yi wa rasuwa, suka ce ya daure wata shida ya nemi canji. Shekara goma sha tara ya yi. Ya fara a gindin aduwa da yara bakwai, allon ma a bayan babur yake ɗauro shi ya koma da shi. Daga baya aka gina aji biyu, iska ta ɗauke rufin ɗaya, ya tattara kowa a ɗayan. Ya kama ɗaki a Sule Tankarkar, sai ranar Juma'a yake komawa Gumel wajen matarsa Tayyiba, wadda tun tana mita har ta gaji ta koma yi masa addu'a. Cikin yaran da suka bi ta hannunsa akwai wanda yanzu shi ke karanta wa rugar takardar allurar shanu, kuma Malam Ishaƙ ba ya gajiya da ba da wannan labarin ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba.

A shekarar da muke magana a kanta, abu biyu suka haɗe masa a wata ɗaya.

Na farko takarda ce daga ofis. An ce ƙananan makarantun da ba su da yara da yawa za a haɗe su da manya. Jami'i zai zo sau uku. Dole ya tarar da yara aƙalla ashirin a aji, kuma ya gwada 'yan aji huɗu a lissafi, har da lissafin lokaci. Idan ba haka ba, yaran rugar sai su koma wata makaranta mai nisan kilomita tara. Duk wanda ya san ruga ya san fassarar wannan. Babu uban da zai saki yarinya 'yar shekara goma ta taka kilomita tara a daji, babu kuma garken da zai jira yaro ya je ya dawo. Haɗewa a takarda, rufewa ce a ƙasa.

Na biyu kuwa, Ardo Hamza ya rasu, ɗansa Manu ya gaje shi. Tsohon ya kan bar yara har azahar ba ya cewa komai, don a zamaninsa samari sun cika rugar. Yanzu samarin sun watsu birni neman aiki, burtsatsen da ake shayarwa ya mutu, hannun yara ya zama abin nema. Ardo Manu mutum ne mai son magana ɗaya. Wata safiya a farkon Disamba ya zo makarantar da dattawa biyu, suka gaisa, ya ce a yanka lokacin da za a riƙa sakin yara kowa ya sani.

"To, ranka ya daɗe, ƙarfe nawa kake so?" in ji Malam Ishaƙ, har ya ɗaga hannun rigarsa.

"Mu ba mu san ƙarfe ba, Malam. Inuwa muke bi."

Suka zauna suna hira har rana ta ɗaga. Can sai Ardo ya miƙe ya ba rana baya, ya duba inda inuwar kansa ta tsaya, ya sa aka ajiye tsakuwa a wurin. Sannan ya taka, diddige na taɓa yatsa, yana ƙirgawa. Ƙafa biyar. Ya ce babba da yaro duk ɗaya ne, kowa da inuwarsa kowa da ƙafarsa, don haka yaran da kansu za su riƙa aunawa. Idan ta kai biyar, a sake su.

Malam Ishaƙ ya saci kallon agogonsa. Sha biyu saura kwata. Daɗi ya kama shi, don ya zaci goma za a ce. Ya miƙa hannu da sauri kada Ardo ya sake tunani, aka shafa fatiha a gaban dattawa. Ranar yana tuƙa babur yana murmushi shi kaɗai, yana ganin ya yi wa Bafillatani wayo. Allah sarki. Mutum ne mai shekara hamsin da huɗu wanda bai taɓa sunkuyawa ya kalli inuwarsa ba, saboda tun yana yaro aka koya masa cewa lokaci a wuyan hannu yake.

Sai ya duƙufa kan lissafin lokaci, don nan ne ciwon yake. A tarawa da ɗebewa yaran nan ba su da na biyu. Yaron da yake ƙirga shanu sittin da ido ɗaya ba lamba ce za ta ba shi tsoro ba. Amma ka rubuta musu cewa mota ta tashi daga Gumel ƙarfe takwas da minti arba'in, ta isa Maigatari ƙarfe tara da kwata, minti nawa ta yi a hanya? Nan take su jera lambobin sama da ƙasa, su yi aro yadda aka koya musu, su kawo maka saba'in da biyar. Kullum saba'in da biyar. Ya ce musu awa minti sittin ce ba ɗari ba, su amsa da ƙarfi, "Sittin, Malam!" Ya sake ba su wata tambayar, su sake aron ɗari.

Wadda ta fi ba shi wahala ita ce wadda ta fi kowa kai, Mairo 'yar Ardo Manu, mai shekara goma sha ɗaya. Ita ba ta tsaya ga kuskure ba, gardama take yi da tambayar kanta.

"Malam, wace rana ce motar ta tashi?"

"Ina ruwanki da rana?"

"In Alhamis ce, ranar kasuwar Maigatari, ai ba ta yin wannan saurin. Tana tsayawa ɗaukar awaki."

"Ba Alhamis ba ce."

"To in ba Alhamis ba ce ai ba za ta cika da ƙarfe takwas ba, balle ta tashi."

Ajin ya fashe da dariya, suka koma Fillanci suna ƙara mata gishiri. Malam Ishaƙ ya dafe kai. Haushi yake ji, amma a can ƙasan ransa ya san yarinyar ba ƙarya ta yi ba.

Bai lura da abin da ke faruwa da wuri ba. A watan Janairu yara suka fara fita aunawa tun bai gama darasi ba, su dawo su ce ta kai, ya duba agogo ya ga saura minti goma, sai ya ƙyale. A Fabrairu abin ya koma ƙarfe goma sha ɗaya. A cikin watan ne jami'in ya yi zuwan farko, wani matashi mai kunya ana ce masa Malam Bilal, ya iso sha ɗaya da kwata ya tarar da Malam Ishaƙ yana share aji shi kaɗai. Ya rubuta abin da ya gani, ya ba da haƙuri, ya tafi.

Washegari Malam Ishaƙ ya tsare yaran da faɗa. Ya ce ha'inci suke yi, tsalle suke yi a maimakon taku. Ya sa Mairo ta auna a gabansa yana tsugune yana kallon ƙafarta. Biyar cif. Ya cire takalmi ya auna tasa. Biyar. Ya duba agogo, ƙarfe sha ɗaya ba ta ma cika ba. A ranar ya yi abin da bai taɓa zaton zai yi ba, ya zargi agogon mahaifinsa. Da ya koma ɗaki ya buɗe bayansa ya hura, ya ɗiga mai, ya gwada shi da na waya. Daidai suke, ko daƙiƙa babu tsakani. Ya zauna a bakin katifa da agogon a tafin hannu, tsoro ya kama shi, irin tsoron mutumin da ake yi wa sata kullum amma ƙofarsa a kulle take.

A Maris Malam Bilal ya sake zuwa, ya sammako a ganinsa, ya iso sha ɗaya saura minti ashirin. Aji wayam. Wannan karon bai iya haɗa ido da dattijon ba.

"Malam, saura zuwa ɗaya. Ni na yarda akwai yara, ga rajista na gani, amma ba rajista aka aiko ni in ƙirga ba. Zan saɓa ƙa'ida in faɗa maka ranar: Talata ta biyu a Afrilu. Ƙarfe takwas zan zo, in sha Allahu. Ka riƙe min su."

Da la'asar ranar, bayan an idar da salla, Malam Ishaƙ ya bi Malam Nasrullahi, wani dattijo mai tsangaya a Sule Tankarkar wanda suka daɗe suna sahu ɗaya, ya zayyana masa komai. Dattijon ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye shi a wane wata aka yi alkawarin. Da ya ji Disamba, sai ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa suna rawa don dariya.

"Ishaƙ, kai da karatunka? Ai inuwar sanyi daban, ta bazara daban. Da sanyi rana a karkace take tafiya, inuwa ba ta gajarta sai tsakar rana. Da bazara kuwa ta saman kai take bi, tun da hantsi inuwa ta tsuke. Mu da muke duba azahar da ita kowane wata da awonsa. Ƙafa biyar ɗinka nan da wata guda ƙarfe goma za ta riƙa cika."

"Gafarta Malam, to Ardo ya san haka?"

"Wane makiyayi ne bai sani ba? Shi ya sa ya zaɓe ta. Da zafi shanu da wuri suke son ruwa. Bai cuce ka ba, ya ɗauka kowane mai hankali ya sani."

Malam Ishaƙ ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Shi da ake kira Agogo, shi da ya yi shekara goma sha tara yana koyar da lokaci, ya sayar da awa biyu na ranar makarantarsa da hannunsa, yana murmushi, har da fatiha.

Bai jira gari ya waye sosai ba ya nufi rugar. Ya tarar da Ardo Manu yana duba kofaton wata saniya. Ya durƙusa, abin da bai taɓa yi wa Ardon ba don ya girme shi, ya faɗi kuskurensa ba tare da ya ɓoye komai ba. Ya roƙi a mayar da alkawarin kan agogo, ko na wata ɗaya ne.

Ardo ya ɗaga shi ya zaunar da shi a kan tabarma, ya sa aka kawo nono. Sannan ya yi masa bayani a hankali. Tafki ya ƙafe. Ruga uku ne suke shan rijiya ɗaya mai zurfin gaba talatin, kuma an raba layi da inuwa: nasu yana kamawa idan ta kai ƙafa huɗu. Wanda ya makara, na bayansa ya shiga, shi kuma sai gobe. Manya suna jan guga da bijimin sa, yara su ne suke tare shanu ana sakinsu biyar biyar zuwa kwamin shan ruwa, in ba haka ba su turmushe juna su karya na ƙanana. Daga makaranta zuwa rijiya tafiyar ƙafa ɗaya ce ta inuwa.

"Malam, ni ma ɗiyata tana ajin nan, kuma ina jin daɗi in ta karanta min lambar waya. Amma saniya ba ta kwana biyu ba ruwa a wannan zafin. In na ce maka na bar maka yara har azahar, ƙarya na yi maka."

"Rana ɗaya tak, ranka ya daɗe. Talatar nan kawai."

Ardo ya ja gemu. Can ya ce, "Ranar na ba ka ƙafa ɗaya. Mu tsofaffi za mu kora shanun da kanmu, yara su zauna sai ta kai huɗu, sannan su sheƙo da gudu su same mu. Bayan wannan ba ni da abin ba ka, ko kuka za ka yi."

Ƙafa ɗaya. Malam Ishaƙ ya karɓa da hannu biyu, don mai nema ba ya raina abin da aka miƙo masa.

Sati huɗu suka rage, kuma yaran har yanzu ɗari suke aro. Ya daina cin abincin kirki. Ranar Juma'a Tayyiba ta dube shi ta ce wuyan rigarsa ya yi masa yawa, ko ciwo yake ɓoyewa? Ya ce lafiyarsa ƙalau. Ta ce to in makarantar ce, ai ba shi ya haife ta ba. A ransa kuwa shi ya haife ta.

Abin da ya canja koyarwarsa, kunyar da ya sha ce. Tunda ya gane bai san lokacin yaran ba, sai ya daina jin haushin rashin sanin nasa da suke yi. Ya ajiye littafin da motar Gumel a ciki. Ya fitar da su waje, ya ja dogon layi a yashi da sanda, ya dasa duwatsu a jere, ya ce kowane dutse ƙarfe ne cikakke, ga takwas, ga tara, ga goma. Ya tambaye su, idan ana tafiya da shanu daga nan zuwa nesa, a kan yi ta a numfashi ɗaya? Suka ce a'a, ana ya da zango. Ya ce to kowane dutse zango ne, kuma tsakanin zango da zango taku sittin ne, ba ƙari. Ya tsayar da Mairo a takwas da arba'in, ya ce ta je zango na gaba. Ta taka tana ƙirgawa, ashirin. Ya ce ta wuce zuwa tara da kwata. Goma sha biyar. Ta tsaya, ta waiwaya ta dubi sawunta a yashi.

"Talatin da biyar ne ashe," ta faɗa a hankali. "To ina arba'in ɗin da muke ƙarawa take fitowa?"

"Daga wurin da babu hanya," in ji Malam Ishaƙ.

Daga ranar ya ɗora musu aiki ɗaya na kullum. Ya cire agogon mahaifinsa, abin da ko wanka zai yi sai ya ajiye shi inda yake gani, ya ɗora a kan tebur. Duk safiya su rubuta ƙarfe nawa suka zo. Idan inuwa ta kai biyar su duba agogo su rubuta, sannan kafin su fita su faɗa masa awa nawa da minti nawa suka yi a makaranta yau. Da idonsu suka riƙa ganin ranar tana raguwa, yau minti biyu, jibi uku. Sai dai fa in dai a yashi ne suna takawa, amsa tana fita daidai. Da zarar ya mayar da su kan takarda ya yi shiru, rabinsu sai hannu ya koma gidan jiya. Har ranar Litinin ta ƙarshe sai da ya tsaya a kansu yana cewa, "Zango fa, zango," sannan suka samu. Ya koma Sule Tankarkar ba tare da ya san ko sun iya ko ba su iya ba.

Ranar Talata yara ashirin da takwas suka zo, wasu da ba a gansu ba tun kaka, Ardo da kansa ya bi bukka bukka ya koro su. An wanke ƙafafu, an shafa mai. Suka zauna tsit. Ƙarfe takwas ta yi, ta wuce. Malam Ishaƙ ya sa su karatu don kada su ji abin da yake ji. Tara ta yi. Ya fita ya dubi hanya, ya dawo, ya sake fita. Wayarsa ba ta kamawa a makarantar sai an hau wani tudu mai ɗan nisa. Tara da rabi ya ga garken rugar ya ɗaga, tsofaffi suna binsa da sanduna, har da wani da ba ya iya miƙewa sosai. Ya dubi inuwarsa, shi da a da ba ya dubawa, yanzu ita yake gani ko ya rufe ido. Tana tsukewa kamar ana jan ta da igiya.

Goma saura kaɗan ya kasa daurewa. Ya ce wa yaran kada wanda ya motsa, ya bar agogon a tebur, ya hau babur ya nufi tudun. Waya ta shiga. Malam Bilal yana haki ya ce tun bakwai ya baro Gumel, tayar babur ɗinsa ta fashe bayan ya sauka daga kwalta, ga shi nan yana turawa a yashi. Malam Ishaƙ bai tsaya jin ƙarshe ba. Ya bi hanyar da gudun da bai taɓa yi ba, ya faɗi sau ɗaya ya kurje gwiwa, ya tashi. Ya same shi jiƙe da gumi, suka jingine mataccen babur ɗin a gindin wata ƙaya, ya goyo shi. Duk hanya yana addu'a a fili, yana roƙon Allah Ya tsayar da rana ko na minti goma ne, shi da ya san sarai ba a tsayar da ita.

Sha ɗaya saura minti goma suka iso. Tun daga nesa ya san an gama, don makarantar da yara suke ciki ba ta yin irin wannan shirun.

Aji wayam. Tabarmi a shimfiɗe, agogon yana kan tebur yana bugawa. Sai dai a kan kowace tabarma an bar littattafai a buɗe, an danne su da tsakuwa don kada iska ta rufe. A kan allo kuma, da rubutun Mairo mai karkata, an rubuta:

Mun zo 7:40
Mun tafi 10:23
Mun jira awa 2 da minti 43

A ƙasa an ja layi da alli, an yi ɗigo uku manya, takwas da tara da goma.

Malam Ishaƙ ya tsaya yana kallo. Bakinsa yana motsi. Daga bakwai da arba'in zuwa takwas, ashirin. Zango biyu. Ashirin da uku. Ya sunkuya ya ɗauki littafin farko na 'yan aji huɗu, ya ɗauki na biyu, ya bi su duka goma sha ɗaya yana ɗingishi. Kowa da hannunsa ya yi, wasu sun goge sun sake. Tara sun samu. Babu wanda ya tsaya a kansu, babu wanda ya ce musu zango.

"Ka gani?" Ya miƙa wa Malam Bilal littattafan. "Ka gani, ɗana? Sun iya. Wallahi sun iya. Rijiyar ba nisa, mu je ka ƙirga su a can."

Malam Bilal ya karɓa ya duba ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗauki hoton allon da wayarsa. Idonsa ya yi ja. Ya ce zai haɗa hoton da rahotonsa, zai kuma rubuta cewa shi ne ya makara. Amma takardar da ke hannunsa tambaya ɗaya take yi, yara nawa aka tarar a aji, kuma yau ne ranar mayar da ita. Yaran da ke bakin rijiya a takarda makiyaya ne, ba ɗalibai ba. Ya daɗe da biro a hannu kafin ya cike gurbin. Malam Ishaƙ ya ga abin da ya rubuta, bai ce masa ya yi ƙarya ba, don shi ma ba zai yi ba.

Bayan sati biyar takarda ta fito. Makarantu da yawa aka haɗe a jeri ɗaya, ta Rugar Ardo Hamza tana ciki. Aka mayar da Malam Ishaƙ wata makaranta a cikin Gumel, aji mai yara casa'in, inda ake kaɗa ƙararrawa da agogo. Yana can har yanzu. Abokan aikinsa suna mamakin dattijon da yake fita tsakar fili da hantsi ya tsaya yana kallon ƙasa.

Amma wannan daga baya ne. A ranar, bayan ya kai Malam Bilal bakin kwalta, bai wuce gida ba. Ya juya ya nufi rijiyar. Ya tarar ana tsakiyar aiki, sa yana jan igiya, guga yana fitowa, shanu suna kuka suna turereniya, yaransa ashirin da takwas sun bazu da sanduna, man da aka shafa musu da safe ya haɗu da gumi da ƙasa. Ardo Manu ya hango shi, ya dubi fuskarsa sau ɗaya, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da jan guga.

Mairo tana can gaba ta tokare wata jar saniya da kafaɗa. Da ta gan shi ba ta saki saniyar ba, sai ta ɗaga murya ta saman garken.

"Malam! Ka ga allon? Daidai ne?"

Ya gyaɗa kai, ya ga ba ta gani ba saboda shanu, sai ya tattaro abin da ya rage masa na murya.

"Daidai ne, Mairo."

Ta yi tsalle har saniyar ta kusa ƙwacewa. Ta juya tana gaya wa sauran da Fillanci, ihu ya tashi daga wannan gefen rijiyar zuwa wancan. Sannan ta sake juyowa, tana dariya, ta ce, "To gobe ka kawo mana mai wuya!"